Kyamarar tsaro a barandar da babu soket: ta ina za a ba ta wuta?

Alhaji, tambayarka ta iso, ga kuma yadda na fahimce ta. Gidan naka ne, ba haya ba, a Kano. Barandar ƙofar falo rufinta kankare ne, bangon an manne shi da tayil har kusa da sama, babu soket ko ɗaya, sai ƙwan lantarki guda a tsakiyar rufin, makunninsa kuma yana cikin falo. Sau biyu ana turo get da rana tsaka ana yi maka ɗauki ɗai-ɗai, farko takalman baƙi, daga baya keken yaro. Kana da 'yar inbata da na'urar Wi-Fi a falo. Mai shago ya ce ka ɗauki kyamara mai batir da sola ka huta, ba fasa bango, ba jan waya. Kana so ka ji ko haka ne.

Rabin gaskiya ya faɗa maka. Zan bi sauran rabin a hankali, domin a nan kuɗin mutane ke salwanta.

Kowace kyamara abu biyu take nema: hanyar da wuta za ta shigo mata, da hanyar da hoto zai fita. Yawancin waɗanda ake kira marasa waya a kasuwa, wayar hoto kawai aka cire musu, Wi-Fi ya maye gurbinta, amma har gobe sai an jona su da caja. Wadda aka raba da wayoyin duka biyu ita ce mai batir. To batirin da zai shiga cikin abin da bai fi dunƙulen hannu ba, ba zai iya riƙe kyamara a kunne dare da rana ba. Kyamarar da ke ɗauka ba tsayawa tana cin kamar wat 4 zuwa 6, kuma da haka batirin ba zai kai ko kwana biyu ba. Dabarar da masu ƙera ta suka yi ita ce su sa ta barci. Abin da ke farke kawai wani ɗan ido ne mai jin ɗumin jiki, wanda za ka ga an rubuta PIR a kwalin. Idan wani abu mai ɗumi ya gitta, idon ya tashe ta, ta ɗauki daƙiƙa 10 ko 20 ko 30, ta turo maka saƙo, ta koma barci.

Watannin da aka rubuta a kwali cewa batir zai yi, an lissafa su ne da gidan da za a tashe ta 'yan lokuta kaɗan a yini. Yanzu ka zauna ka ƙirga ƙafar da ke taka barandarka daga asuba zuwa isha. Yara su fita makarantar boko, su dawo, su fita Islamiyya, su dawo. Ɗan garuwa ya shigo sau uku. Almajirin gida ya zo ɗaukar shara, ya dawo da kwanonsa. Mai tallan awara, 'yar aiken maƙwabta, kaji, mage, ga labulen ƙofa da rana ta gasa iska na kaɗa shi. Na taɓa ɗaura irinta a wani gida mai yara da yawa, bisa nacin maigidan, duk da na ce masa a'a. Ba a yi sati biyu ba ya kira ni wai ta lalace. Na je na tarar lafiyarta ƙalau, batir ne ya ƙare. Ya sauke ta ya yi caji sau biyu, a na uku ya gaji da aron tsani, ta zauna a bango wata da watanni kamar mutum-mutumin gona.

Akwai kuma abin da ya shafi garinmu musamman. Wannan idon ba mutum yake gani ba, bambancin zafi yake ji tsakanin jiki da abin da ke bayansa. Jikin ɗan'adam digiri 37 ne. A Afrilu da Mayu zafin Kano yakan kai 40 ya wuce, katanga da daɓen tsakar gida kuwa sun fi haka zafi da azahar. Idan bango da mutum suka yi kusan ɗaya, sai idon ya rikice, wani lokaci ya makara, wani lokaci ya yi shiru gaba ɗaya. Kai kuma ka ce ɓarayinka da rana suke zuwa. Ƙari a kan haka, idon ya fi jin wanda ya gitta ta gefe a kan wanda ya miƙo masa kai tsaye, sannan kyamarar na ɗaukar daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ta farka sosai. Mai ɗauke takalmi ba ya buƙatar fiye da haka. Bidiyon ƙeya da bayan riga na gani da yawa a wayoyin mutane, har na daina ƙirgawa.

Sola tana rage matsalar caji, amma ba a ƙarƙashin rufin baranda ba. Farantin sai an fitar da shi inda rana ke dukansa sa'o'i, ya fuskanci kudu, a ɗan kishingiɗa shi kamar digiri 10 zuwa 15 tunda Kano na kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Wayarsa yawanci mita 3 ce ko 4. Ka ga an dawo jan waya ke nan, sai dai gajera. Da hunturu kuma ƙura na rufe shi cikin 'yan kwanaki, sai an riƙa gogewa. Batirin litiyam shi ma ba ya son caji idan zafinsa ya haura digiri 45, kyamarori da yawa suna dakatar da cajin da kansu a wannan halin.

Ban ce kyamara mai batir ba ta da rana ba. Wanda ke gidan haya mai gidan ya hana huda bango, ko mai fili da ake gini, ko gidan gona, ko lungun bayan gida da ba a bi sai jefi-jefi, ita ce daidai da shi, musamman mai ɗaukar sim. Mai sayen irin wannan ya tabbatar ba wadda aka yi don layukan Amurka ba ce, domin ba lallai ta kama 4G ɗinmu ba, kuma layin da zai sa mata sai an yi masa rajista da NIN kamar kowane layi. Amma ƙofar falon gida mai iyali, wanda kuma naka ne, ga inbata a bayan bango? A'a. Kai wuta ta dindindin kake buƙata, kuma ta fi kusa da kai fiye da yadda kake zato.

Bari mu fara da ƙwan nan na rufi, don na san idonka na kansa. Akwai kyamarori masu siffar ƙwai da ake murɗawa a holda. Ban cika son su a waje ba. Holdarka na tsakiyar rufi, saboda haka hula da ɗankwali za ta riƙa ɗauka daga sama. Yawancinsu ba a yi su don ƙura da feshin ruwa ba. Duk wanda ya taka kujera zai warware ta ya sa a aljihu. Sannan ranar da wani yaro ya kashe makunnin falo da safe, kamar yadda aka koya masa tun yana ƙarami, kyamara ta mutu.

Amma wurin ƙwan kansa yana da amfani a matsayin mafarin wuta. Idan mai gyaran wuta ya buɗe shi, galibi zai tarar da waya mai wuta wadda ta biyo ta makunni, da abokiyarta ta dawowa. Abu biyu zai iya yi. Ko dai ya haɗe wayoyin makunnin ya rufe gurbin da marfi, wutar ta zama kullum tana nan, sai a sa ƙwai mai kunna kansa idan duhu ya yi; ko kuma, idan fayif ɗin da ke cikin kankaren bai toshe da siminti ba, ya zura ƙarin waya ɗaya wadda ba ta bi ta makunni ba. Daga nan a sa cajar kyamarar a cikin ɗan akwatin roba mai hana ruwa a gefen holdar, a bi da siririyar wayarta cikin tirankin, wato kwaroron robar da ake rufe waya da shi a jikin bango, zuwa kusurwa. Kafin a yi wannan wahalar, ka gwada abu ɗaya yau da dare: idan an ɗauke wuta inbata ta karɓa, ƙwan barandar yana kamawa? Gidaje da yawa ba a ɗora fitilun waje a kan inbata ba. In haka ne, kyamararka za ta riƙa aiki ne kawai sa'ad da aka kawo wuta, ɓarawo kuma ba ya duba jadawalin NEPA.

A nan dole in ja kunne. Wannan layin bolt 230 ne, ba aikin yaron gida mai tasta ba ne. Kuma a gidan da ke da inbata, kashe mita ko sauke babban makunni ba ya kashe wutar, inbata ce ma za ta karɓa nan take. Sai an kashe ita ma, an gwada da tasta, sannan a sa hannu.

Hanyar da ni zan bi da gidana ne, ita ce wadda mai shagon ya tsorata ka da ita: huda bango. Mutane idan suka ji haka sai su hango magini da guduma da kurfi, tayil na zubowa, uwargida na faɗa. Ba haka ba ne. Rami ɗaya ne, faɗin biro, milimita 8 zuwa 10. Bangon da ya raba barandarka da falo bulo ne inci 9 ko 6, mai rami a ciki, injin huda bango zai ratsa shi cikin 'yan mintuna. A bayan bangon nan akwai soket ɗin da talabijin da na'urar Wi-Fi ke kai, wanda na tabbata yana kan inbata. Caja ta zauna a ciki, cikin inuwa, nesa da ruwa da hannun mutane. Abin da zai fita waje siririyar waya ce mai bolt 12, wadda ko yaro ya taɓa ba abin da za ta yi masa.

Kafin ma a huda, ka zagaya ka duba ko wani ya riga ya yi maka aikin. Idan akwai AC a falo, ramin da bututunsa ya fita yakan bar sarari. Haka ramin wayar dish, ko kusurwar firam ɗin taga. Sau da yawa nakan gama aiki ban taɓa injin ba sai don ɗaure kyamarar kanta.

Idan sai an huda, wurin da za a zaɓa shi ne rabin aikin. A sama, dab da rufi, inda ka ce tayil bai kai ba, kuma kusa da kusurwa amma ba cikin ginshiƙi ba. A guji fila da linta, kankare ne da rodi, za a sha wahala a banza kuma ba wurin wasa ba ne. A guji saitin saman soket ko makunni, domin fayif ɗin wutar gida a miƙe yake hawa daga nan zuwa rufi. In dole sai ta kan tayil, a manna salatif a wurin, a sa bakin huda tayil, a kashe bugun injin, ya riƙa juyawa kawai, har sai an wuce tayil ɗin, kuma a fara daga waje zuwa ciki, don wanda ya ɓullo daga ciki shi ke tsaga shi. Ramin ya ɗan gangara zuwa waje. Wayar idan ta fito a bar ta ta yi ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa kyamara, yadda ruwan da iskar damina ta watso zai ɗiga a ƙasa maimakon ya bi waya ya shiga. A toshe bakin ramin da silikon, in ba haka ba kiyashi da tsaka sun samu ƙofa. Ta ciki kuma, idan silin falonka POP ne mai sarari a sama, wayar za ta bi ta ciki ba wanda zai gan ta. In babu, farin tirankin siriri a bakin silin, bayan sati ɗaya kai kanka ka manta da shi.

Tunda za a huda, ga shawarar da ta fi: kada ka tsaya a wayar wuta kawai, ka zura kebul ɗin intanet, Cat6, ka sayi kyamara mai PoE. Ma'anarsa kebul ɗaya ya ɗauki wuta da hoto tare. Ƙa'idarsa ta farko, 802.3af, tana ba da har wat 15.4 daga tushe a kan bolt kusan 48, wanda ya ishi kowace kyamarar baranda, kuma kebul ɗin na iya kai mita 100. Wani ɗan akwati ake sakawa a falo tsakanin na'urar Wi-Fi da kebul ɗin, shi ke cusa wutar. A zura kebul tsirara ta ramin, sai ya fita sannan a matse masa kai, don kada a faɗaɗa rami saboda kan. Hikvision da Dahua da Reolink da wasu samfuran TP-Link duk suna da irin wannan. Amfaninta shi ne ka rabu da rigimar Wi-Fi har abada.

Sai dai a kula da kebul. Kasuwa cike take da wanda aluminiyam ne aka yi masa wankan tagulla. Ka kankare silin waya ɗaya da reza: idan ja ne har ciki, tagulla ce, idan fari ya bayyana, ka ajiye musu. Na jabun yana cin wuta a hanya kuma yana karyewa a wurin matsi. Wannan magana ta shafi wayar bolt 12 ma. Tagulla mai kaurin rabin milimita murabba'i, idan aka ja ta mita 20 kyamara na jan amfiya 1, kusan bolt 1.4 ne ke ɓacewa a hanya, na jabu kuwa ya fi haka. Alamar ita ce kyamara ta yini lafiya, da magariba ta yi fitilunta na ganin dare suka kunna, ta fara mutuwa tana tashi. Mutane su ce aljanu, ko su ce mai shago ya cuce su, alhali waya ce ta yi siriri. Masu cajar USB ta bolt 5 sun fi saurin faɗawa wannan, kada ka ƙara musu tsawo fiye da 'yan mitoci.

Idan ka zaɓi mai Wi-Fi duk da haka, ba laifi, amma ka gwada kafin ka biya. Hau tsani da wayarka daidai inda kyamarar za ta zauna, a rufe ƙofar falo, musamman in ta ƙarfe ce, ka kunna bidiyo ka gani ko yana tafiya ba tsinkewa. Ka tabbatar kana kan zangon Wi-Fi na 2.4, don ƙananan kyamarori da yawa shi kaɗai suka sani, kuma shi ya fi na 5 ratsa bango. In kana da manhajar auna sigina, kada lambar ta gangaro daga -65 ta nufi -70. Akwai kuma wasu na'urori da ke tura intanet ta cikin wayar wutar gida; a gidan da ake juyawa tsakanin wutar gari da inbata da janareta, ban ga sun yi ɗorewa ba, ka bar su.

Lissafin wuta ba shi da nauyi. Kyamara mai cin wat 5 tana shan wat-awa 120 a kwana ɗaya. Haɗe da na'urar Wi-Fi, ka ce 300 ko ƙasa da haka, bai kai abin da fankar silin ke ci cikin awa 5 ba. Matsalar kawai ita ce al'adar kashe inbata idan za a fita ko in batir ya yi ƙasa. In kuna yin haka, ka sayi ɗan batirin nan da ake jona wa na'urar Wi-Fi, mai fitar da bolt 12, wasu ma har da PoE a jikinsu. Zai riƙe su biyun wasu sa'o'i.

Yanzu inda za a ɗaura ta. A nan ne na fi ganin kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, ko a aikin da aka kashe kuɗi sosai. Tsoron kada a sace kyamara yakan sa a kai ta can ƙololuwa, mita 4 ko fiye, sai ta koma ƙirga huluna. Wani bawan Allah ya taɓa miƙo mini wayarsa, ransa a ɓace, ya nuna mini bidiyon wanda ya tura masa babur daga ƙofar gida. Hoto tangaran, har zaren aikin hular ana gani, da tsagar da ke kafaɗar rigar, da silifas ɗinsa shuɗi. Fuska kuwa ko gefen hanci babu. Muka maimaita bidiyon ya fi sau goma, ba abin da za a kai wa 'yan sanda sai hula. Tsayin da nake so shi ne mita 2.2 zuwa 2.6, sama da miƙon hannu kaɗan, yadda wanda ke nesa da taku huɗu ko biyar fuskarsa za ta shigo sosai.

Akwai ma'auni a kan wannan, ba ra'ayina ba ne kawai. Ƙa'idar IEC 62676-4 ta masu wannan sana'a, bugun 2014, ta ce kafin a iya tantance baƙuwar fuska ana son ɗigon hoto 250 a kowace mita ɗaya ta faɗin wurin. 125 ya isa ka gane wanda ka riga ka sani. Kyamarar 1080 tana da ɗigo 1920 a faɗinta. Raba 1920 da 250, ka samu mita 7.7. Gilashi mai faɗin gani, wanda aka rubuta wa 2.8mm, yana buɗewa ya kai wannan faɗin tun a nisan kamar mita 3. Wato duk wanda ya wuce mita 3 daga kyamarar, za ka ga mutum ne, za ka ga kalar rigarsa, amma ba za ka iya rantsuwa a kan fuskarsa ba. Idan daga baranda zuwa get ɗinka ya kai mita 6 ko 7, kada ka sa rai kyamara ɗaya ta yi maka aikin wuri biyu. Ka zaɓi mai megafiksel 4 da gilashin da aka rubuta wa 4mm, ka karkata ta ta kalli hanyar da dole mai zuwa baranda ya bi, daga kusurwa.

Haske shi ne abu na gaba. Baranda inuwa ce, tsakar fili kuma rana ce fayau. Kyamarar da ke cikin inuwa tana kallon waje za ta nuna maka mutum baƙi ƙirin kamar an zana shi da gawayi. Ka nemi wadda aka rubuta wa WDR 120dB, wato mai daidaita haske da inuwa a hoto ɗaya. Wadda aka rubuta DWDR kwaikwayo ne na manhaja, ba ta kai ba. Da dare kuma matsalar ta juya. Fitilun ganin darenta idan suka daki farin rufi ko tayil mai sheƙi da ke dab da ita, hasken ya dawo mata a ido, kusa ya yi fari fat, nesa ya yi duhu. Ka sauko da ita kamar taƙi ɗaya daga rufin, ka juya ta yadda bango ba zai ci gefen hoton ba. Shi ya sa ma kada ka yarda da shawarar ajiye kyamara a cikin falo tana leƙe ta gilashin taga. Da dare kanta kawai za ta riƙa gani a gilashin. Kuma kada ta zauna dab da ƙwan lantarki. Ƙwari na bin haske, gizo-gizo na bin ƙwari, zare ɗaya na yanar gizo a gaban gilashi ya isa ya cika maka waya da saƙon ƙarya har asuba. Ta kasance mai IP66 ko IP67, ba don ruwa kaɗai ba, lamba 6 ta farko ita ce ta ƙura. Ni na fi son mai siffar ƙwallo a cikin gindi a kan mai murfin gilashi kamar kwano, don murfin nan hunturu ɗaya ke dusashe shi. Zanzaro ma na son gina ɗakinsa a bayanta, sai a riƙa leƙawa.

Batun ajiya gajere ne. Kyamara mai fitar da megabit 2 a daƙiƙa tana cika giga 21.6 a kwana, saboda haka katin memori mai giga 128 zai riƙe kusan kwana 6 kafin ya fara goge na baya. Ka sayi katin da aka yi don ɗauka ba tsayawa, daga wurin da ka amince, don katin jabu zai nuna maka 128 alhali cikinsa bai kai ba, kuma ba za ka sani ba sai ranar da ka nema. Ɗaukar da ke shiga kati ba ta cin data. Data na tafiya ne idan ka buɗe kallo daga waje ko ka kunna ajiya a rumbun kamfani. Raunin kati ɗaya ne: wanda ya ɓalle kyamara ya tafi da shaida. Ka kunna turo hoto zuwa waya duk lokacin da ta ga mutum, in da hali kuma ka ajiye ƙaramar na'urar naɗa a cikin ɗaki.

Saura maganar da masu ɗaurawa ba sa son a yi. Asusun kyamarar a buɗe shi da lambarka ko imel ɗinka, a wayarka, kai za ka sa kalmar sirri, ba yaron da ya hau tsani ba. Idan ya buɗe da nasa ya ba ka kallo, to shi ne mai kyamarar, kai baƙo ne, kuma yana iya kallon ƙofar gidanka daga duk inda yake. Kalmar sirrin da ta zo daga kamfani a canza ta a ranar. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin intanet a duniya ba da wata gwaninta ba, kalmomin sirrin kamfani kusan 60 kawai take gwadawa. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a 2023 kamfanin Ring na Amurka mai yin kyamarorin gida ya amince ya biya dala miliyan 5.8 bayan hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta zarge shi da barin ma'aikata suna kallon bidiyon gidajen mutane. Saboda haka ka duba me ke shiga hoton. Idan ana hango cikin falo in an buɗe ƙofa, ko wurin da iyali ke shan iska ba mayafi, a karkata ta. Idan tana leƙa tagar maƙwabci ko tsakar gidansa ta saman katanga, akwai wurin da ake zana baƙin akwati a manhajar a rufe wannan ɓangaren; aya ta 12 a Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin sirrin mutane ba ta ware na'ura ba. Yawancin kyamarorin nan kuma suna naɗar murya. Baranda wurin zaman baƙi ne, Hajiya da ƙawayenta ma nan suke sallama mai tsawo. Ka gaya wa mutanen gida, ko ka kashe makirfon.

Ranar aiki kada ka bari a ɗaure ta da sukuru tun farko. A jona ta, wani ya riƙe ta a kan tsani, kai kana kallo a waya. Ka sa babban ɗanka ya sa hula ya shigo daga get da saurin wanda bai zo da alheri ba, ya sunkuya inda ake ajiye takalma, ya juya ya fita. A yi da azahar, a sake bayan isha, sau ɗaya ƙwan baranda a kunne, sau ɗaya a kashe. Ka tsayar da bidiyon ka buɗa hoton da yatsu biyu. Idan kai ubansa sai ka yi dogon kallo kafin ka ce shi ne, a sauko da ita kaɗan ko a matsa da ita kusurwar da ta fi kusa da hanya, a sake. Ka kuma duba agogon da ke jikin hoton ya yi daidai da na Najeriya, don da yawa suna zuwa da lokacin Sin, awa 7 a gaba, sannan a huda ramukan fisha.